Baƙin layi biyu a filin haya: lamarin wani direba a bakin layin otokuros

Wata ƙaramar ƙungiyar masu wasan otokuros a Amurka ta kusa rasa filin da take haya saboda abin da bai wuce sakan uku ba. Ba haɗari aka yi ba, babu wanda ya ji ciwo, kuma babu wata doka a rubuce da aka karya. Wani sabon direba ne ya riƙa figar motarsa daga bakin layi, tayoyin baya suna juyin banza, har suka zana baƙin layi biyu a kan kwalta, suka kuma watsa wa mutane tsakuwa. Daga nan gardama ta kaure, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Otokuros, yadda ake yin sa a Amurka, tsere ne da agogo. Ana samun fili mai faɗi, wurin ajiye motoci na filin wasa ko wani tsohon filin jirgin sama, a shata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da robobin nan masu ruwan lemo masu siffar mazurari. Kowace mota gudunta take yi ita kaɗai, zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, kuma galibinsa a giya ta biyu ake yi. Duk wanda ya kayar da mazurari, ko ya ture shi waje da akwatin allin da aka zana masa, an ƙara masa sakan 2. Babbar ƙungiyar da ke da littafin dokokin wasan, SCCA, wadda aka kafa a 1944, Solo take kiran sa, kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa dokokinta suke ara ko da ba rassanta ba ne. Abu biyu kuma sai an riƙe su kafin a fahimci wannan lamari. Filin ba na 'yan wasa ba ne, na haya ne. Sannan babu ma'aikatan da ake biya: direbobin ne da kansu ke karɓa-karɓa, rukuni ɗaya yana tuƙi, wani rukuni yana tsaye cikin rana yana ɗaga mazurarai, yana riƙe jar tutar tsayar da mota, yana sakin motoci.

Yadda abin ya faru

Direban ba yaro ba ne a harkar mota. Daga tseren miƙaƙƙen layi ya fito, inda motoci biyu ke jerawa su figa a kwata na mil. Ya zo da mota mai injin V8, mai ja da tayoyin baya, da giyar hannu. A zagayensa na farko ya yi abin da ya saba: ya ɗaga juyin inji sama sosai, ya zare ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Tayoyin suka ƙwace, ƙara ta cika filin, bayan motar ya ɗan karkata, hayaƙi ya tashi. Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa. Mai sakin motoci bai ce komai ba, ya dai kakkaɓe wandonsa.

Kwaltar filin ta tsufa, samanta ya fara sakin tsakuwa. Hanyar kuma an shata ta ne da miƙaƙƙen wuri tun daga bakin layi har zuwa kwanar farko, sannan motocin da ke jiran nasu lokacin an jera su ne daidai bayan wadda za ta tashi. A zagaye na biyu, da ya ga lokacinsa bai yi kyau ba, sai ya ƙara wuta. Wannan karon tsakuwar ta sami mai sakin motoci a ƙwauri, ta kuma sauka a gaban wata Mazda Miata da ke biye da shi, ta fiffige mata fenti a baki, ɗaya ta bar ɗan tabo a gilashi. Mai Miatar ya fito ransa a ɓace. Jami'in kiyaye haɗari na ranar ya je ya sami direban a layin jira, ya ce masa ya sassauta. A zagayen da suka rage ya sassauta, amma da ɗaurin fuska.

Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce kamar kowane ɗan saɓani. Sai dai a farkon mako manajan filin ya zagaya, ya ga layukan nan biyu baƙi ƙirin, da wurin da tayoyin suka ƙwaƙule saman kwaltar, ya ɗauki hoto ya aika wa shugaban ƙungiyar, yana tambaya ko wannan ne wasan da aka ce masa na koyon sarrafa mota ne.

Hujjar direban ba ta banza ba ce. Ya ce an kira shi tsere, ya biya kuɗin shiga, motarsa ta wuce binciken safe, kuma a taron direbobi babu wanda ya ambaci yadda ake tashi. Ya ce ya ga wasu ma tayoyinsu sun yi ƙara a bakin layi, ba a ce musu uffan ba. Ina iyakar take, wa ya shata ta? Ya ƙara da abin da makanikai za su yarda da shi: a mota mai ƙarfi irin tasa, gara taya ta ɗan ƙwace da a tsaya ana goga kuloci, don taya ta fi kuloci araha, ta kuma fi sauƙin canzawa.

Abin da agogo ke cewa

Kuskurensa na farko ba na ladabi ba ne, na lissafi ne. A otokuros na yau da kullum agogo ba ya fara ƙirga lokacin da mai sakin motoci ya ba ka hannu. Yana farawa ne lokacin da motarka ta yanke hasken na'urar da aka kafa 'yan mitoci gaba da layi, idon agogo ke nan. Kana iya jan numfashi, ka duba madubi, ka gyara hular kwano, sannan ka tashi, ba ka yi asarar komai ba. Saurin zabura, wanda shi ne rabin tseren miƙaƙƙen layi, a nan ba shi da kasuwa. Abin da tashi ke saya maka biyu ne kawai: gudun da kake da shi lokacin da ka wuce idon, da kuma inda motarka take fuskanta kafin kwanar farko.

Taya kuwa tana da halinta. Ba ta ba da iyakar riƙonta sai tana ɗan zamewa kaɗan, wato tana juyawa fiye da gudun motar da wajen kashi 10 cikin 100 ko sama da haka kaɗan. Wannan ɗan zamewar ce ake ji a matsayin gajeren kuka na taya a tashi mai kyau, kuka ɗaya, sai motar ta tafi. Da zarar juyin ya wuce nan, riƙo raguwa yake yi, robar ta yi zafi ta yi maiƙo, inji yana ihu amma motar tana tafiyar hawainiya. Sauri ya haifi nawa.

A ɗauki misali da lissafi mai sauƙi. A ce idon agogo yana mita 10 daga layi, kwanar farko kuma mita 30 bayan idon. Motar da tayoyinta suka kama, tana ƙara gudun mita 6 a sakan cikin kowane sakan, za ta wuce idon da gudun kusan kilomita 39 a awa. Wadda ke juyin banza, tana ƙara mita 4 kacal, za ta wuce shi da kusan kilomita 32. Idan tayoyin ta biyun suka kama daidai kan idon, za ta isa kwana a makare da kusan sakan 0.2. Idan suka ci gaba da juyin banza har kwanar, asarar ta kai sakan 0.4. A wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ajiye shi kusa da mazurari ɗaya, sakan 2, sai a ga tashi ba shi ne inda ake cin wasan ba. Ana iya rasa ɗan abu a wurin, ba a cika samun abu mai yawa ba.

Akwai asara ta biyu da lissafin nan bai nuna ba. Motar da bayanta ke rawa tun daga layi, direbanta yana kokawa da sitiyari ne maimakon ya ɗaga ido ya hango kwana ta biyu. Ya iso kwanar farko a gurguje, a gefen da bai dace ba, da tayoyin baya masu zafi da na gaba masu sanyi. Mutumin nan ya ɗauka yana ɗumama taya ne, kamar yadda ake yi a filin da ya fito. Can kuwa dalili ne ya sa: ana shafa wa hanyar wani sinadari mai danƙo, tayoyin na musamman ne masu laushi, akwai ma wurin da aka zuba ruwa don a ƙona taya a kai kafin a jera. Tayoyin titi masu lamba 200 a ma'aunin jure cinyewa, waɗanda ajin motocin da ba a yi wa gyare-gyare ba ke amfani da su, ba haka suke ba. Duk wanda ya leƙa layin jira da tsakar rana a lokacin zafi zai ga direbobi riƙe da 'yar tankar feshi irin ta lambu, suna fesa wa tayoyinsu ruwa tsakanin zagaye da zagaye. Sanyaya su ake yi, shi kuma yana gasa nasa.

A ƙarshen ranar, Miatar da ya fiffige wa fenti, wadda ba ta kai rabin ƙarfin motarsa ba, ta fi shi lokaci.

Ba kowace mota ke tashi iri ɗaya ba

A nan ne nake ganin waɗanda suka nemi a haramta ƙarar taya baki ɗaya suka wuce gona da iri. Mota mai ja da baya tana da gata: idan ta zabura, nauyi baya yake komawa, ya danne tayoyin da ke aiki. Abin da take so shi ne a riƙe inji a matsakaicin juyi, a saki kuloci da sauri amma ba a wurgar da shi ba, a bi da totur a hankali yayin da bayan ke zama. Mai ƙaramin inji kamar Miata takan buƙaci juyi mai ɗan yawa, in ba haka ba inji ya shaƙe ya yi kamar zai mutu, kuma wannan shaƙewar ta fi ɗan kukan taya cin lokaci. Mai V8 kuwa da ɗan abin da ya ɗara juyin tsayuwa ma sai ta tashi.

Mai ja da gaba, irin su Honda Civic, akasin haka ne. Nauyi yana barin tayoyin da ke ja daidai lokacin da ake buƙatarsa, don haka da wuya ta tashi da ƙarfi ba tare da ɗan zamewa ba, balle in an yi yayyafi. Babban haɗarinta shi ne taya ta riƙa kamawa tana saki, gaban motar yana tsalle yana bugawa kamar ana dukan ƙofa. Wanda ya ji haka bai ɗaga ƙafa ba, shaf, wato sandar da ke juya taya, ko kujerar inji ce za ta biya. Mai ja da tayoyi huɗu, kamar Subaru WRX, ita kuma tayoyinta ba sa yarda su ƙwace, sai duk bugun ya koma kan kuloci da giyabos. Ita ce ta fi kowa tashi, ita ce kuma gyaranta ya fi ɗaci. Mai giyar otomatik abu ne mai sauƙi: ƙafar hagu a birki, ɗan totur da ta dama, a saki birki.

Shi ya sa hujjar direban game da kuloci take da ƙamshin gaskiya. Ɗan zamewar taya kariya ce ga ƙarfen da ke bayanta. Inda ya ɓata shi ne ɗaukar cewa zaɓi biyu ne kawai, ko ƙona kuloci ko ƙona taya. Tsakaninsu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne lokaci mai kyau yake.

Da ma akwai wurin da gwanintarsa take da daraja. SCCA tana da wani reshe, ProSolo, inda ake shata hanyoyi biyu masu kama da juna kamar a madubi, motoci biyu su jera, fitilu su sauko irin na tseren miƙaƙƙen layi. A can agogo da fitila yake tafiya, wanda ya riga ta tashi jar fitila ta kama shi, zagayen ya lalace. Amma ko a can, wanda ya cika hayaƙi shi ake bari a baya.

Wa ke biyan kuɗin hayaƙin

Ɓangaren ladabi ya fi sauƙin faɗa. Mai sakin motoci abokin wasanka ne, bayan awa ɗaya shi zai zauna a mota kai ka tsaya a wurinsa. Aikinsa ba wasa ba ne: yana sakin mota duk bayan kusan sakan 20 zuwa 30, don sau da yawa motoci biyu ko uku ne a kan hanya lokaci guda, idonsa yana kan wadda ta gabata da kuma masu jar tuta. Mutumin da ke kare fuskarsa daga tsakuwa ba ya kallon hanya. Wanda ke bayanka a layi kuma da motar da zai je aiki da ita gobe ya zo, kuma yawancin inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a wasan da ake ƙirga lokaci. Sannan wurin tashin na kowa ne. Duk tsakuwar da ka tono, duk ramin da ka fara, na bayanka ne zai tashi a kai.

Sai babbar magana, wato fili. Babu abin da ke kashe ƙungiyar otokuros kamar rasa wurin wasa. Filin da ya isa, mai faɗi, marar turakun fitila a tsakiya, nesa da gidajen masu ƙorafin ƙara, wanda mai shi zai yarda ya bayar, ba shi da yawa. Mai filin kuma ɗan abin da yake samu na haya bai kai ciwon kan da yake gudu ba. Ba kowa ke da irin shimfiɗar kankaren Lincoln a jihar Nebraska ba, tsohon sansanin jiragen yaƙi inda ake gasar ƙasa ta Solo tun 2009, direbobi sama da 1,000 suna taruwa. Kankare yana shanye wulaƙanci. Tsohuwar kwalta a ranar zafi ba ta shanyewa, laushi take yi, taya mai juyin banza ta kwashe samanta. Manajan da ya ga baƙin layi biyu ba ya ganin gwaninta. Abin da yake gani shi ne irin alamar da matasa masu wasan banza da mota ke bari cikin dare, kuma ita ce hoton da zai nuna wa na sama da shi.

Duk da haka, a ganina rabin laifin na waɗanda suka shirya ranar ne, kuma an yi saurin ɗora wa baƙo kaya duka. Wanda ya shata miƙaƙƙen wuri tun daga layi, ya sa idon agogo a kai, ya gayyaci kowa ya gwada ƙarfin injinsa. Wanda ya jera motoci daidai bayan mai tashi ya sa su a bakin bindiga. Ba a share wurin ba. Kuma a zagayen farko, lokacin da kalma ɗaya za ta wadatar, tafi aka yi masa. Sabon zuwa da abin da ya gani yake aiki. Tsofaffin 'yan wasa sun san iyakar ba tare da an faɗa ba, har suka manta cewa su ma wani ne ya taɓa gaya musu.

Matakin da aka ɗauka

Shugabannin ƙungiyar sun fara da mai fili. Suka je da kansu, suka ba da haƙuri, suka biya aka wanke wurin da injin feshin ruwa, aka toshe inda ya ƙwaƙule. Ya yarda su ci gaba, da sharaɗin za a zagaya filin tare da shi kafin wasa da bayansa.

Gyaran da ya fi aiki a hanyar aka yi shi, ba a takarda ba. Masu shata hanya sun daɗe da sanin dabarar: a sa matsattsiyar kwana nan da nan bayan layi, a kai idon agogo bayan kwanar. Mota ba za ta iya shiga kwanar da gudu ba ko da wane irin tashi ta yi, don haka figa ba ta da riba, kowa sai ya tashi a hankali don kansa, ba don an hana shi ba. Kuloci da shaf na kowa ma sun huta. Aka karkatar da layin jira ya koma gefe, yadda babu motar da ke tsaye a bayan mai tashi. Mai sakin motoci ya koma tsayawa gefe, nesa da inda tayoyin ke watso abu. Aka ajiye tsintsiya da injin hura iska a wurin, ana sharewa duk lokacin da rukuni ya canza.

Kan rubuta doka ne aka daɗe ana ja-in-ja. Masu motoci masu ja da gaba suka ƙi yarda da haramci kai tsaye, kuma suna da gaskiya. A ƙarshe aka tsaya a kan abin da ido ke gani: gajeren kukan taya ba laifi, amma hayaƙi, ko juyin banzan da direba ya ci gaba da riƙewa bai ɗaga ƙafa ba, gargaɗi ne a karo na farko, soke zagayen a karo na biyu, a na uku a sallame shi ranar. Ana faɗar wannan da baki a kowane taron direbobi, a kuma maimaita wa sababbi lokacin da ake zagaya hanya da su a ƙafa.

Direban ya dawo. Aka haɗa shi da wani tsohon hannu ya zauna kusa da shi, ya sa shi rage juyin tashi sosai, lokacinsa ya sauko, ko da yake yawancin abin da ya samu daga kwanoni ya fito, ba daga layi ba. A rabon aiki aka sa shi mataimakin mai sakin motoci, da gangan. Maganar fentin Miata ƙungiya ta ce ba ta shiga, tunda kowa ya sa hannu a takardar yafe ɓarna tun a ƙofa. Shi ya yi tayin biya, mai motar ya karɓi kuɗin gyaran gilashi, ya bar na fenti.

Abin da dokar ba ta warware ba shi ne sababbin motoci. Da yawa yanzu suna zuwa da tsarin tashi na kwamfuta: ka danne birki, ka danne totur har ƙasa, ka saki, kwamfutar ce ke yanke yawan zamewar da za ta bari. An tsara ta ne don titi mai kyau, kuma a kan tsohuwar kwalta mai tsakuwa takan bar tayoyi su yi ta tono fiye da yadda ƙafar mutum za ta bari. Masu lantarki kuma ƙarfinsu duka yana nan tun daga tsaye, ba ƙarar inji da za ta gargaɗi na kusa. Wasu a ƙungiyar suna son a hana amfani da tsarin a wannan fili, masu irin motocin suna cewa da shi aka sayar musu da su, kuma dokar ajinsu ba ta hana ba. An bar wa jami'in kiyaye haɗari na kowace rana ya duba yanayin kwaltar da safe ya yanke hukunci, maganar kuma tana cikin abubuwan da za a sake tattaunawa kafin kakar wasa mai zuwa.